Takarda Biyu, An Karanta Mata Ɗaya

Shafi na 21

Da sunan Allah. Masu cewa na bar su a tsaye tun shekaranjiya, na ga saƙonku, ku samu wuri ku zauna.

*

Duk wanda ka tambaya a layin nan game da Mai Fensir, abin da zai fara gaya maka shi ne mutumin ba ya rufe aibin kayansa. Telan da ke jikin shagonsa ya ce shekara talatin ke nan yana jin sa ta bango yana korar wa kansa ciniki. Mutum zai ɗauki tsohon littafi ya ce yana so, shi kuwa sai ya karɓe, ya buɗe masa inda gara ta ci, ya nuna masa inda aka sake ɗinki, sannan ya ce to, yanzu ka sake shawara. Mai gyaran agogo, wanda teburinsa ke bakin ƙofar, ya ce bai taɓa ganin wanda ke wanke hannu kafin ya taɓa takarda amma ya manta da wankewa kafin ya ci abinci ba, sai shi. Matar Mai Fensir kuwa cewa take yi ita ɗakin ajiya ta aura, mutumin gyara aka yi mata.

Sunan ma a wurin aikin ya samo shi. Duk abin da ya shigo shagon, littafi ne, mujalla ce, ko tsofaffin wasiƙun da magada ke kawowa cikin kwali bayan an yi rasuwa, sai ya zaro fensirin da ke bayan kunnensa ya rubuta a lungun baya da manyan baƙaƙe ɗaiɗai: daga ina abin ya fito, shafi nawa ne, me ya ɓace, me aka yi masa. Bai taɓa ajiye takarda ba tare da wannan ba. Biro kuwa, ko a aljihunka ya hango shi sai ya ce ka ɗan ja baya.

Ƙanwarsa ce kaɗai ba ta kawo zancen littattafai idan ana hirarsa. Auta yake ce mata har yau, ko da yake ta ba hamsin baya. Ita abin da take faɗa kullum shi ne, Yaya ne idona. Ba a sa ta makaranta ba tana yarinya, saboda haka katin asibiti, takardar sakamakon ɗiyarta, rubutun jikin kwalbar magani, duk wurinsa take kawowa. Shi ne kuma ya karanta mata wasiƙun mijinta, kafintan da ya tafi aikin gina wani babban dam can nesa lokacin ɗiyarsu tana wata huɗu, zazzaɓi ya ɗauke shi a can kafin shekara ta zagayo.

Wasiƙa bakwai ya aiko. Duk gaisuwa ce: a gaida Inna, a gaida Yaya, a gaida maƙwabta, aiki da sauƙi, rana da zafi. Babu wadda ya ce ki taho, babu wadda ya ce zan zo in ɗauke ku. A kan wannan Auta ta zauna shekara talatin da huɗu. Idan ɗiyarta ta tambayi wane irin mutum ne babanta, sai ta ce mutum ne da ya tafi ya samu wuri ya manta da mu, Allah ya jiƙansa, ta kawar da zancen.

Bara ta shiga makarantar manya. Watan jiya malamarsu ta ce kowa ya kawo wani rubutu daga gida ya gwada karantawa, sai ta tuna da wasiƙun, waɗanda Yaya ya karɓa tun bayan rasuwar ya adana mata cikin gwangwanin biskit don kada gara ta ci. Sati uku yana ja mata rai, yau ya ce bai ga makullin akwati ba, gobe ya ce bari ruwan nan ya ɗan tsagaita. Matarsa ce ta gaji da jin zancen, ta nemo makullin a aljihun rigarsa, ta ɗauko gwangwanin da rana tsaka yana shago ta miƙa mata. Ba ta san abin da ta miƙa ba.

Rubutun kafinta a haɗe yake kamar igiya, karatun Auta bai kai can ba tukuna. Amma a bayan kowane ambulan akwai rubutun fensir, manyan baƙaƙe a rarrabe, irin waɗanda aka fara koya musu a aji. Na farko an rubuta TAKARDA 1. Sauran shidan duk abu ɗaya ne:

TAKARDA 2. AN KARANTA MATA 1.

Kwana huɗu gwangwanin yana ƙarƙashin gadonta. Ɗiyarta nas ce, minti biyar ya ishe ta ta karanta mata duka, amma ba ta nuna mata ba. Ba ta kai wa malama ba. Tana son sanin abin da ke cikin takarda ta biyu, tana kuma tsoron idan ta sani ta wayi gari ba ta da yaya.

*

Ranar Talata da hantsi ta iso layin, jakar makarantarta a kafaɗa, gwangwanin a ciki yana bugun ƙugunta.

Mai gyaran agogo ya ɗago da gilashinsa maƙale a ido ɗaya, ya ce a'a, ɗaliba, yau gudowa aka yi daga aji ke nan, bari ya kai ƙara wurin malama. Kullum sai ta rama, ta ce shi da ya yi makarantar me ya tsinana ban da leƙen cikin agogon mutane. Yau gaishe shi kawai ta yi ta wuce. Ya bi ta da kallo, ya sauke gilashin daga idonsa.

Shagon dogo ne siriri, kantoci har rufi. Mujallu a ɗaure da zare shekara-shekara, kwanonin gawayi a lunguna saboda laima, da warin nan na tsohuwar takarda da ke bin mutum har gida. Ta tarar da shi da mai saye, wani malamin makaranta riƙe da mujalla da ta yi ja don tsufa. Yaya yana gaya masa bangon na asali ne, amma shafi na tara da na goma babu, wani ya yanke hoto da reza tun kafin ta shigo hannunsa. Malamin ya yi dariya ya ce da bai faɗa ba ma ba zai lura ba.

Yaya ya ce, “Shi ya sa na faɗa.”

Auta ta zauna a kan kujerar ƙarfen da take zama duk lokacin da ta kawo abin karantawa. Ta jira har malamin ya fita.

Suka gaisa kamar kullum. Ya tambayi ɗiyarta nas, ya tambayi ƙafarta da ke kumbura, ta tambayi matarsa. Idonsa yana kan jakar. Ta lura ya rame cikin kwana huɗun nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya tashi da kansa ya tura ƙofar ya bar ta a ɗan buɗe don haske.

Ta miƙe ta je wurin robar ruwan da ke bayan ƙofa, ta wanke hannu, ta tsane shi sosai da tawul, tsakanin yatsu ma, yadda ya koya mata tun da ya buɗe shagon. Sannan ta buɗe gwangwanin. Ta jera ambulan bakwai a kan teburinsa, duk a kife.

Ta ɗora yatsa a ƙarƙashin baƙin farko na ambulan na biyu, kamar yadda ake yi a aji.

“Ta… kar… da. Biyu. An… ka… ran… ta. Mata. Ɗaya.”

Ta ɗago.

“Na karanta daidai, Yaya?”

Shi ya saya mata littafin rubutu na farko. Shi ya fiƙe mata fensir guda shida da reza ranar da za ta fara zuwa, ya ce wa duk layin ƙanwarsa ta shiga makaranta. Ya dubi yatsan nata, ya daɗe yana dubansa.

“Daidai kika karanta.”

Ta bi sauran biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba, kamar mai bitar darasi. Da ta gama ta naɗe hannuwanta a kan cinya.

“Baƙo ma kana gaya masa shafin da babu,” in ji ta a hankali.

Ya laluba kujerarsa ta baya ya zauna. Da ya fara magana muryarsa ta fito irin wadda yake bayanin kaya da ita, a daidaice, babu hawa babu sauka. Ya ce wasiƙun akwatin gidan waya na shago suke zuwa, a nan yake buɗe su. Kafinta yakan cika takardar farko da gaisuwar jama'a, ya sa hannu a ƙasa, don a karanta a tsakar gida kowa ya ji nasa. Ta biyun a ninke take zuwa, ninki huɗu, a ƙuryar ambulan. Ita yake cirewa ya sa a aljihun tebur, ya kai mata ta farko. Bayan rasuwar, da ya karɓi wasiƙun don ya adana, sai ya kasa barin su a rabe. Ya mayar da kowace takarda wurin 'yar'uwarta.

Ta tambaye shi ko don ya san ba ta karatu ne ya sa ya rubuta abin a fili haka. Ya girgiza kai.

“Ban iya rufe ambulan ban rubuta gaskiyar abin da ke cikinsa ba. Ko na so, hannun ba ya yarda.”

“Fensir ne fa, Yaya. Sati uku ka samu.”

Ya ce ya sani. Kullum da safe sai ya buɗe akwatin da abin gogewa a hannunsa, ya zauna, ya mayar ya rufe.

“Makullin bai ɓace ba ke nan.”

“Bai ɓace ba.”

Ta ɗauki ambulan na biyu, ta zaro takardun. Ta ajiye babbar a gefe, wadda ta san abin da ke cikinta tun tuni. Ƙaramar ta fi fari, don ba ta sha hannu ba. Ganin haka ya miƙo hannu, yadda ya saba miƙowa shekara da shekaru, ya ce ta kawo ya karanta mata.

Ta janye takardar zuwa ƙirjinta.

“A'a. Yau ni zan karanta. Kai ka saurara.”

Ya mayar da hannunsa. Can ya sake miƙewa, ta ɗauka fita zai yi, sai ta ga ya kunna fitilar tebur ya karkato da ita wajenta, ya ɗauko gilashin ƙara girman rubutu ya goge da bakin rigarsa ya ajiye kusa da hannunta. Ya ce kada ta danne ninkin, ya tsufa, ta bar takardar ta buɗe da kanta. Sannan ya ja kujerarsa ya juya wa teburin baya, fuskarsa na kallon kantoci.

Ta sunkuya. Baƙaƙen suna riƙe da hannun juna, wasu sun kwanta, wasu sun yi wutsiya. Kalmar farko ta gane ta da sauri, don ita ce kalmar da ta fara rubutawa da kanta a aji bayan sunanta.

“Yaya,” ta karanta. Ta tsaya. “Da kai ya fara.”

Bai juyo ba.

“Wan… nan. Ta… Au… ta… ce…” Ta kai gilashin kusa, ta ja shi baya. Kalmar gaba ta ƙi fitowa. Ta gwada sau uku.

“Ita kaɗai,” in ji shi.

Ta ɗago. Bayansa kawai take gani, da fensirin a kunnensa. Daga inda yake babu yadda za a yi ya hango takardar.

Haka suka yi ta tafiya. Ita ta ja kalma biyu ko uku da yatsa, inda ta cije shi ya ɗora mata, ba ya wuce kalma ɗaya, ba ya riga ta. Abin da mai karatu zai gama kafin shayi ya huce, ya ɗauke su kusan rabin awa. Ga abin da kafinta ya rubuta:

*Yaya, wannan ta Auta ce ita kaɗai. Ka yi haƙuri ka karanta mata inda ba kowa, na san kunya za ta ji. Na amince da kai.*

*Maman ƙarama, an ba ni ɗaki. Ba shi da girma amma yana da taga. Na haɗa gado da ragowar katakon aiki, na haɗa wa ƙarama nata da shinge don kada ta faɗo. Ki gaya wa Yaya ranar da za ki iya tasowa ya rubuto mini, zan tarye ku a tasha. Abincin nan ba ya shiga.*

Auta ta ajiye gilashin. Ta koma kan kalma ɗaya ta sake ɗora yatsa.

“Taga,” ta ce.

Ɗakin da suka fara zama bayan aure ba shi da taga. Kullum sai ta yi mita, shi kuma ya ce mata shi kafinta ne ba magini ba, ta samo masa ramin shi zai sa mata ƙyaure. Ta gaya wa bayan Yaya wannan, tana dariya ƙasa-ƙasa, sai dariyar ta karye. Ta yi sauri ta kawar da fuska gefe don kada hawayen ya ɗiga a kan takardar.

Da ta samu numfashi ta tambaye shi sau nawa ya karanta wannan har ya haddace.

“Ban ƙirga ba.”

“To me ya sa?”

A nan muryar bayanin kayan ta ƙare masa. Ya yi ta kama zancen ta nan ya saki, ya kama ta can. Ya ce wasiƙar ta iso sati biyu bayan ɓarin jikin Inna ya shanye. Ta tuna ai. Lokacin bai yi aure ba, shagon bai fi wata takwas da buɗewa ba, gidan daga shi sai ita sai jaririya. Inna ba ta karɓar abinci a hannun kowa sai nata, idan shi ya miƙa cokali sai ta datse baki. Wa zai juya ta, wa zai yi mata wanka? Ya ce ya tsaya a nan, daidai inda robar ruwan nan take, da takardar a hannunsa, ya ce wa kansa wata ɗaya kawai, Inna ta ɗan samu sauƙi sai ya karanta mata. Da ta gaba ta zo sai ya ga idan ya karanta ta dole ya faɗi ta baya. Da ta bayanta ta zo, abin ya riga ya fi ƙarfin bakinsa.

Auta tana sauraro, kanta a ƙasa. Sai da ya yi shiru ta kawo abin da ya fi damunta tun da ta fara fahimta. Duk wasiƙar da ta zo sai an mayar da amsa, ita tana faɗa shi yana rubutawa. Kuma duk amsa, a ƙarshe, bayan ta gama zagaye-zagayen kunya, sai ta ce ya rubuta, yaushe za ka zo ka ɗauke mu?

“Ka rubuta?”

Wani ya ƙwanƙwasa ƙofar yana tambayar ko an buɗe. Ba wanda ya amsa masa. Suka ji mai gyaran agogo yana ce masa ya dawo gobe.

“Duk abin da kika faɗa na rubuta,” in ji shi. “Ban da wannan.”

Ta gyaɗa kai sau biyu, kamar an gaya mata farashin abin da ta riga ta sani. Ta ɗauki ambulan na uku.

Rana ta yi tsaka ta fara karkata suna wurin. A ta uku kafinta ya zana mata hanya, inda za ta sauka ta canza mota, da irin rigar da zai sa don ta hango shi. A ta huɗu ya tambaya ko ƙarama ta fara haƙori, ya ce kada a yi mata aski sai ya gani. A ta biyar ya ce idan wani laifi ya yi mata kafin ya taho ta faɗa masa, shi ya duba bai gano ba. Ta shida layi uku ce kawai. Tun daga ta huɗu idonta ya fara sabawa da hannun mutumin, ta gane yadda yake lanƙwasa wasu baƙaƙen, taimakon Yaya ya yi ta raguwa. Da ta zo ta bakwai ta ce masa kada ya ce komai ko ta cije, ita da mijinta ne.

Ta daɗe a kanta. Bai sa baki ba.

*Maman ƙarama, wata da watanni ina tambaya, ba ki ce komai a kai ba. Yanzu na gane. Ba za ki iya barin Inna a kwance ba, kuma kina jin nauyin ki ce mini a'a. Kada ki ji nauyi. Da uwata ce haka zan so a yi mata. Ki zauna da ita da zuciya ɗaya, ban riƙe ki da komai ba. Gadon ƙarama na ba wani abokin aikina aro, matarsa ta haihu. Idan kun zo zan haɗa wani, don na san yanzu ta fi ƙarfin wancan.*

Hatimin gidan waya da ke jikin ambulan ya nuna saura kwana goma sha tara ya rasu. Wannan ma ita ta karanta da kanta, lambobi ba sa ba ta wahala.

Ta bar takardar ta koma ninkinta. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar keken tela ta bango.

“Yaya, juyo.”

Ya juyo da kujerar. Idanunsa sun yi ja.

“Ka ɗauka da ka karanta mini zan tafi?”

Ya sunkuyar da kai, ta ci gaba.

“Inna ce fa. Ni na san yadda take son a ɗaga mata kai. Shekara shida na yi ina juya ta, ka taɓa jin na yi tsaki? Da ka karanta mini, kuka zan yi, in ce ka rubuta masa ya yi haƙuri ya jira ni. Shi ke nan. Da na zauna ina sane da cewa akwai mai jirana.”

Ta shafa gefen ambulan ɗin da ɗan yatsa.

“Shi yana can nesa ya san ni. Kai da ka goya ni a bayanka ba ka san ni ba.”

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma ta yi faɗan, da ya fi masa sauƙi. Ta ci gaba da magana, yawanci ba ma da shi take ba. Ta ce shekara talatin da huɗu ba ta taɓa yi wa mutumin nan addu'a da zuciya ɗaya ba, bakinta na cewa Allah ya jiƙansa, ƙirjinta na cewa ka manta da mu. Hotonsa guda ɗaya da take da shi ta bar shi a ƙasan akwati har laima ta cinye fuskar. Yarinyar nan ta tashi tana jin kunyar a tambaye ta ubanta, ranar aurenta ma da aka ambace shi sai ta sunkuyar da kai. Alhali ya haɗa mata gado da shinge.

Mai Fensir ya miƙe. Ya rasa inda zai sa hannuwansa, sai ya shiga abin da ya iya. Ya ce zai kwafe mata su duka da manyan baƙaƙe a takarda mai kyau, ta riƙa karantawa ba tare da ta wahalar da na asalin ba. Ya ce gwangwanin ya fara tsatsa ta ƙasa, yana da wani kwali mai murfi da ya fi dacewa. Ya ce yarinyar kuma ta bar masa, shi zai je asibitin da kansa ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Ya ce yana da wani sani da ke gyara tsofaffin hotuna, ta kawo wancan a gwada, wani lokaci fuska takan dawo.

Tana jin sa tana mayar da wasiƙun cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya, bisa jerinsu, ta farko a sama.

“Ba kwali na zo nema ba, Yaya.”

Ta rufe murfin, ta sa a jaka. Ta kashe masa fitilar tebur, don ta san ba ya son a bar ta a kunne kusa da takarda. Ta ce daga nan asibiti za ta, yarinyar tana tashi aiki ƙarfe huɗu. Ba ta so kowa ya yi wa yarinyar bayani. Ita ta gaya mata ubanta ya manta da su, ita za ta zaunar da ita ta karanta mata, ko zai kai su gobe.

Ya tambaya ko za ta biyo ta gida bayan nan, matarsa tana ta cigiyarta.

Ta gyara jakar a kafaɗa. Ta ce ba ta sani ba.

Tun da take, bai taɓa tambayarta ko za ta zo ta ce ba ta sani ba. Ya tsaya a tsakiyar shagon yana kallonta tana bi ta tsakanin kantocin, tana ɗingisa ƙafar nan mai kumburi, tana kare jakar da hannu kada ta bugi tarin mujallu. Ta kai bakin ƙofa. Ta ja ta, hasken yamma ya shigo har kan teburin.

“Auta.”

Ta tsaya, hannunta a kan ƙofar. Ba ta juyo ba.

Ya tako, ƙafarsa ta ture wani ɗaurin littattafai suka zube, bai ko dube su ba. Ya zo bayanta ya tsaya. Muryarsa ta fito da ƙarfin da bai yi niyya ba, har keken tela ya tsaya.

“Ba don Inna kaɗai na yi ba. Tsoro na ji a bar ni ni kaɗai. Mutumin nan ya amince da ni na ci amanarsa. Na cuce ki, na cuci yarinyar nan. Auta, don Allah ki yafe mini.”